Mai Tabarma da Amanar Ciso

Shekaranjiya ina zaune gindin tsamiyar bakin bariki na ji ɗaya daga cikinku, wanga mai sabuwar hular dara da bai ko iya kafa ta ba, yana ce wa abokinsa wai aikin masinja ai ba aiki ba ne, hawan doki ne da cin kajin ƙauye. Tun da an ce in nuna muku hanya kafin a sake ku cikin ƙasa, to ku matso.

Ni Nomau sunana. Ubana bafatake ne, tsakanin Illela da Ƙonni da Tawa ya ƙare ƙarfinsa, tun ba a san wata iyaka ba. Da Nasara sunka zo sunka buɗe makaranta a birni, anka ce kowane gida mai hali ya ba da yaro, ni anka tura. Ban daɗe ba. Zama wuri guda bai karɓe ni ba, har yau ma bai karɓe ni ba. Na iya rubuta sunana, na iya gaisuwa da Turanci, sai na ɗauki takalmina na biyo ayarin masu gishiri na dawo gida. Na taɓa korar jakai, na taɓa dillancin fata, na zauna gun maɗinki har ya roƙe ni in tafi. Ubana ya gaji, ya kama hannuna ya kai ni gun Baba Arzika, babban masinjan bariki, ya ce, "Ga shi nan. Tun da ƙafarshi ba ta zama, a ba ta aikin yi."

Baba Arzika ya yi jakadancin hakimai tun kafin a ga Bature a ƙasar nan. Ranar farko ya baje mini kayan aiki bisa buzu: jar dara, rigar kaki, jakar fata ta takarda, salka, da sanda mai kan tagulla. Ya ce, "Hula ta yara ce, su gan ka su gudu. Jaka ta Bature ce. Salka taka ce, in ka bari ta bushe kai ka sani. Sanda kuwa ta mutanen da za ka gunsu ce, don ita suke karantawa kafin ka buɗe baki."

Aikin farko da munka tafi tare, Gidan Katta ne, kiran maigari a kan gyaran hanya. Ba laifi, ba tara, ba komai. Ni ina gaba bisa doki, na kafa sanda tsaye a cinya kamar soja, ina jin duniya tawa ce. Baba na baya bisa tsohuwar goɗiyarsa. Muna hango danni, wato shingen garin, sai na ji an fizgo rigata ta baya, sai ga ni ƙasa.

"Sauka, ɗan boko! Kisa kaz zo yi?"

Na tashi ina kakkaɓe jiki. Ya nuna mini da baki. Mata har sun fara sungumar yara, wani yaro na jan awaki zuwa daji.

A nan bakin hanya ya koya mini abin da zan gaya muku, ku riƙe shi da kyau. Kira iri biyu ne. Akwai kiran sanda tsaye: ba ka sauka daga doki, ba ka shan ruwansu, ba ka wuce sallama, ka faɗi abin da anka aiko ka ka juya. Wanda anka yi wa wannan ya san ya yi sallama da iyalinsa. Akwai kuma kiran amana: ka sauka tun bayan gari, ka jawo dokinka da hannu, ka kwantar da sanda a ƙofar mutum, ka sha abin da anka ba ka, ka ci abin da anka kawo, ka tambayi gona da yara, sannan ka faɗi saƙo. Baba ya ce, "Wanda ka kira da sanda kwance shina wuyanka tun daga ƙofarshi har ka maido shi ƙofarshi. Ko Bature ya manta, kai ba ka mantawa, don ba Bature ya sha ruwansu ba."

Sauran kuma a hanya na tsince su. Ka san kowace rijiya da watan da take ƙafewa. Ka duba bayan dokinka kafin ka duba cikinka, don doki mai miki ba ya kai saƙo. In an aike ka tsakanin masu husuma, kada ka kwana gidan ɗaya, ka kwana masallaci. Kada ka karɓi kaza kafin ka sauke magana, in ka karɓa ta riga ta shiga cikin maganar. Kuma in ka shiga gari ka lura da wanda maigari ke waiwaya wa kafin ya amsa. Wani liman ne, wani uwarsa ce bayan zana. Da wannan kake magana, ko da fuskarka na kallon maigari.

To, Jojin da na fi daɗewa ƙarƙashinsa, wato Baturen mulki, wanda ke riƙe da wanga gefe na kan iyaka, mun sa masa Mai Tabarma. Sauran Turawa kujera ake ɗauko musu, mutane na ƙasa suna sama. Shi tabarma yake sa a shimfiɗa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, gwiwoyi har kunne, ya zauna. Farko mutane sun ɗauka ciwon baya gare shi. Yana jin Hausa sosai, sai dai da hanci yake yin ta.

Wata rana muna hanyar Kalmalo wani dattijo ya durƙusa ya ce, "Sannu Ingilishi." Sai ya ja linzami.

"Baba, ni ba Ingilishi ba ne. Ni mutumin Ailan ne."

Dattijo ya ce, "To, Allah shi ba da haƙuri."

Ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa. Da munka yi gaba ya ce mana Ailan tsibiri ne kusa da Ingila, Ingilishi sun ci su tun kakannin kakanni, su ke naɗa musu masu mulki, su ke karɓar haraji. Ya ce, "Ni ma masinja ne, Nomau. Hulata ce ta fi taka faɗi."

Ni da bakina ba ya da linzami na ce, "Ranka shi daɗe, to mi ya kawo ka cin ƙasar wasu?"

Baba Arzika ya zungure ni da gindin sanda. Mai Tabarma kuwa sai da munka yi tafiya mai nisa sannan ya ce, "Gidanmu muna da yawa, gonar ƙarama ce."

Abin da ya kai mu Kalmalo ranar nan rigima ce tsakanin masu lambu na bakin tafki da Fulani. Shanu sun tattake albasa, masu lambu sun sare wa saniya agara, kowa ya wasa abin da yake da shi. Ni anka aika na tara su, dukkansu da sanda kwance. Mai Tabarma ya zauna tun hantsi, ya bar kowa ya yi magana. Ardo ya yi, sarkin lambu ya yi, wanda bai ga komai ba ma ya yi. Bai katse kowa ba, goro kawai yake sa ina rabawa. Sai da muryoyi sunka dushe, rana ta karkata, kowa na tunanin gida, sannan ya ce a buɗe burtali ta arewa, ya ratsa lambuna biyu, ɗaya na ƙanen maigari ne. Fulani kuma su bar gefen kudu har abada, ko da nan ne ruwa ya fi kusa. Ardo ya tashi yana gunaguni, sarkin lambu ya tashi yana gunaguni. Ba wanda ya zaro wuƙa.

A hanya Baba ya ce a hankali, "Wanga ba alƙali ba ne, dillali ne."

Ashe ya ji. Ya waiwayo ya ce, "Arzika, in ɗaya ya tashi yana murna, gobe za a kawo mini gawa."

Haka yake aikinsa. Ba ya cewa a'a da fari. Yana bari kowa ya gaji, sannan ya miƙa wa kowa rabi. Na ga ya yi wannan a kan gona, a kan kasuwa, a kan gado. Ban taɓa zaton zan ga ya yi shi a kan mutum ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya sauka anka yi shuka, ya ɗauke. Anka sake, ya sake ɗaukewa, iri ya ƙare. Ku da kunka taso bayanta ba ku san yadda gari ke yin shiru ba in babu daka. Mutane sun tone gidajen tururuwa suna neman tsaba. Anza, 'yar itacen jejin nan mai ɗaci da awaki ma ke ƙi, ita ake jiƙawa a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, a dafa. Na bi hanyar Amarawa na ga takalman mutum a gindin gawo, shi kuma ɗan gaba kaɗan. Baba Arzika ƙafafunsa sunka kumbura ya kwanta, aikin fita ya dawo kaina ni kaɗai. A cikin wannan hali kuma anka ce yaƙi ya tashi can ƙasar Turawa, Ingilishi da Faransi sun haɗa kai a kan Jamus.

A lokacin nan ne wani Ba'adare mai suna Ciso ya tsallako iyaka da mutanen ƙauyensa duka, maza da mata da 'yan tsofaffin jakai. Mahaƙin rijiya ne, kuma shi ne babbansu. Kumandan, Baturen Faransi mai mulkin wancan gefe, ya ce ya kawo maza majiya ƙarfi su yi dakon kayan soja zuwa arewa. Ciso ya dubi mazan ya ga in sun ɗauki kaya ba za su kai zango ba, sai ya tattara kowa ya yo kudu. Sunka kafa bukkoki gabas da Amarawa, sunka fara haƙa. Kumandan ya aiko yana neman a maido masa mutanensa, don in an bar waɗannan, sauran ƙauyuka za su biyo.

Mai Tabarma ya kira ni. Na tarar yana kai da komowa. Ya ce kakarsa ta ba shi labarin irin wagga shekara a ƙasarsu, mutane na mutuwa bakin hanya da tsanwar ciyawa a baki, jiragen ruwa kuma na fita da hatsi. Ya ce, "Ba zan mayar da su ba. Je ka kira mini Ciso in ji daga bakinsa, in san abin da zan rubuta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, tsaye ko kwance?"

"Kwance."

"Ka tabbata?"

"Na ce kwance, Nomau."

Na sauka tun daga nesa na jawo doki. Yara ba su ko gudu ba, ba ƙarfin gudu. Na tarar da Ciso ya fito daga ramin rijiya, ƙasa har gira, dogo, ƙashin wuyansa kamar a rataya salka. Na kwantar da sanda a ƙofar bukkarsa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Manzo, mi kaz zo da shi?"

"Alheri, Baba. In sha ruwa tukun."

Matarsa Tumba ta kawo ruwa a ƙwarya, ja kamar kunun kanwa, daga wani tafki mai nisa sunka ɗebo shi. Na sha. Ta koma ta fito da anza a ɗan akushi, loma ba ta fi uku ba, na kuma ga idon yaran a kai. In na ƙi, amana ba ta ƙullu ba. Na ci. Ɗacinta ya kwana biyu a maƙogwarona. Wannan ita ce kazar ƙauyen da kuke magana.

Na faɗi saƙo. Ɗansa Idi, saurayi kamar ni, ya ce, "Baba, kada ka tafi. Nasara duk ɗaya ne."

Ciso ya ce, "Ba Nasara ya ci abincin uwarka ba." Ya juyo gare ni. "A wuyanka, ɗana?"

"A wuyana."

Na aza shi bisa doki na bi da ƙafa, don shi ba zai kai ba.

Mun iso bariki na ga baƙon doki ɗaure, duk kumfa. Tun nan jikina ya ba ni. Muna hanya umarni ya iso daga manyan Mai Tabarma: yanzu lokacin yaƙi ne, Faransi abokai ne, ba a son wata ƙura a kan iyaka. A mayar da mutanen, a fara da babbansu. Akawu ya raɗa mini cewa ga shi Allah ya kawo shi har gida, sai a sa masa ankwa kawai.

Na shiga gun Mai Tabarma na tsaya. Sai na kwantar da sanda a gefen tabarmarsa.

Ya ce, "Ɗauki abinka, na sani. Ni na ce kwance." Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya sa anka shigo da Ciso, anka ba shi wurin zama da fura. Ya bar shi ya shanye, sannan ya yi magana, bai ɓoye masa komai ba.

"Ciso, na kira ka da amana ina zaton ina da ikon da ba ni da shi. An ce in mayar da ku duka. Yau ba mai taɓa ka, Nomau zai kai ka ƙofarka. Gobe zan aiko dogarai. In sun tarar ba ka nan, ba ni da abin da zan riƙe in yi magana, za a kwashe mutanenka a tsallakar da su. In sun tarar da kai, zan je in zauna da kumandan in yi ƙoƙari ya karɓe ka kai kaɗai. Ban yi maka alkawari zai yarda ba."

Ciso ya juya ƙwaryar a hannunsa. Ya ce, "Bature, ka iya ɗauri. Ko igiya ba ka taɓa ba."



Na mayar da Ciso. A hanya na ce, "Baba, kudu a buɗe take. Ka kwashe su ku yi Gwadabawa, ku yi gaba, wa zai bi ku cikin wagga yunwa?"

Ya ce, "Ka ga ƙafafunsu? Da ƙyar na kawo su nan. In na sake tashinsu, rabi zan binne a hanya." Da munka iso ya sauka, ya taka ƙofar bukkarsa da ƙafa, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ku shaida, manzo ya maido ni inda ya ɗauke ni. Wuyanshi ya fita."

Washegari dogarai sunka tafi da sanda tsaye. Sun tarar da shi zaune bakin rijiya, ya yi wanka da ɗan ruwan da ke akwai, ya sa rigarsa ta salla.

A turken iyaka anka yi zaman, wancan tulin duwatsu da ke hanyar Ƙonni. Kumandan ya zo da kujera da laima da dakarunsa. Mai Tabarma ya sa na shimfiɗa masa tabarma daidai gindin turken, cikin rana, ya bar Ciso can baya ƙarƙashin aduwa, gefenmu, inda ana ganinsa amma ba a kai gare shi. Da Faransanci sunka yi, ban ji ko kalma ba. Na dai ga kumandan ya buga ƙafa, ya tashi, ya hau doki, ya sauko. Mai Tabarma na zaune, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana magana a hankali kamar mai cinikin tsohon jaki. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Sannan sunka yi musabaha.

Ya taso ya zo gindin aduwa, ya ce, "Kai kaɗai. Mutanenka sun zama na wannan gefe, ba mai sake tambayarsu. Ya ce ba kisa, aiki ne, har yaƙi ya ƙare."

Ciso ya miƙe. Ya ce mini, "Ka gaya wa Idi kada shi kauce, shi ci gaba da haƙa inda munka fara. Dutsen ba shi da kauri." Ya taka ya wuce turken da ƙafarsa, sannan sunka sa masa igiya.

Na kai wa Idi saƙon. Bai dube ni ba, amma ya ci gaba da haƙa, kafin damina sunka tarar da ruwa.

Na je gaida Baba Arzika a kan gadonsa na ba shi labari. Ya ce, "Ka maido shi ƙofarshi?" Na ce na maido. Ya ce, "To ka yi aikinka." Ya juya fuska bango. Bai ga damina ba.

Aikina na yi, amma ƙauye ba haka ya gani ba. Labari ya bazu cewa Nomau ya ci anzar mutum, kwana biyu anka ga mutumin da igiya. Na daɗe in na kwantar da sanda a ƙofa sai a ce maigida ya tafi jeji, ko a kawo ruwa a ajiye nesa da ni. Wata tsohuwa a Amarawa ta ce mini, "Ɗaga abarka, ɗana, mu gwamma mu gan ta tsaye mu san inda muke." Shekaru na yi ina gyara wannan, ƙofa ƙofa. Mai Tabarma kuwa bai ƙara shekara ba ya ajiye aiki. Ya bar mini sirdinsa, ya bi hanyar Kano, ban sake ganinsa ba.

Na yi Turawa da yawa bayansa, na bar aikin ma na tafi fatauci Ikko na dawo. Sai bara waccan, da anka zo yi wa shanu allura, wani Bature likitan dabbobi ya aiko a nemo masinja mai suna Nomau. Na same shi a zangon shanu. Da ya buɗe baki na ji irin hancin nan, na ce, "Likita, kai mutumin Ailan ne." Ya ce ƙauyensu ɗaya da Mai Tabarma, shi ne ya ba ni sauran labarin.

Ya ce da Mai Tabarma ya koma gida ya shiga cikin masu cewa Ingilishi su bar musu ƙasarsu. Bai ɗauki bindiga ba, baki ne nasa: kasuwa kasuwa, ƙofar coci, yana tara mutane. Ingilishin da ya yi wa aiki sunka ɗaure shi. Ya fito, mutanen yankinsu sunka zaɓe shi ya zama bakinsu a majalisa. Da anka gaji da zub da jini anka zauna sulhu, Ingilishi sunka ce za su saki ƙasar amma ba duka ba, gefen arewa zai tsaya a hannunsu, a ja iyaka. Mutanensu sunka rabu biyu. Wasu sunka ce duka ko a mutu. Mai Tabarma na cikin waɗanda sunka tashi sunka ce a karɓi abin da ya samu, a binne matattu, a yi shuka. Nasu ya rinjaya, anka kafa gwamnati, ya zama minista, wato kamar 'yan majalisar sarki, sai dai talakawa ke naɗa su, su ke tuɓe su. Abokan da sunka yi kurkuku tare sunka ƙone masa gida. Likita ya ce har yau in ya tsaya magana, rabin fili na tafi, rabi na kiransa maci amana, kuma ba ya fita sai da masu gadi.

Na ce, "Har yanzu a ƙasa yake zama?"

Ya yi murmushi ya ce a'a, yanzu kujera ce, babba. Sannan ya ce, "Da ya ji an turo ni nan ya kira ni ofishinsa. Ya ce in na kai Illela in nemi Nomau in tambaye shi, Ciso ya dawo?"

Na san amsar. Wani da sunka yi dako tare ya dawo bayan yaƙi ya ce Ciso ya faɗi da kaya a kai can cikin rairayi, anka tura masa ƙasa gefen hanya. Amma ba ni anka yi wa rashi ba. Na ce likita ya ba ni zuwa yamma, na ɗaura sirdi.

Tungar su Ciso ta zama gari, da rumbuna da masallacin ƙasa. Idi ne maigari. Inna Tumba ta tsufa, na tarar da ita a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe su na faɗi abin da ya kawo ni, duk yadda likita ya faɗa, ban rage ba.

Idi ya ce, "Sai yanzu ya tuna? Ka ce mishi..."

Inna ta ɗaga hannu, ya yi shiru. Ta ce, "Nomau, su ma an ja musu iyaka?"

"An ja, Inna."

"Shi ya yi cinikin?"

"Da shi anka yi."

"Wa ya bayar wannan karon?"

"Mutanen arewacin ƙasarsu. Su anka bari a wancan gefe."

"Shi ya tsallaka tare da su?"

"A'a, Inna. Shi minista ne."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da ɓara. Jikokinta na wasa da ɓawon, wata na tuka tuwo a bayan zana, ana jin daka ta ko'ina. Can ta ce, "Ka ce mishi bai dawo ba. Ka ce mishi muna nan."

Na zauna ina jira ko da saura. Inuwa ta matsa, ta ja tabarmarta ta bi ta. Ta tambaye ni farashin gishiri a Illela. Na yi sallama.

Likita ya fiddo takarda ya rubuta. Ya ɗago kai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Nomau, mutumin nan ya tsufa kafin lokacinsa, zuciyarsa ba lafiya. Gari guda ya tsira saboda shi. Ba za a ce sun yafe ba?"

Na ce, "Likita, na zauna har rana ta karkata. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. In kana so ka ƙara, ka ƙara da bakinka, amma kada ka ce daga Nomau ne."

Ya daɗe riƙe da alƙalami bisa takardar, shanu na ta kuka a bayanmu. Sannan ya rufe alƙalamin, ya ninke takardar yadda take.